'Yata Ta Sayi Tikitin Prom a Ɓoye, Babanta Kuma Ya Ce Ba Za Ta Ba

Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar Maraɗi ce, muna zaune a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, ni da maigidana da yara huɗu. 'Yata ta biyu shekararta 17, bana take gama sakandare. A watan Mayu makarantarsu za ta yi liyafar rawar nan ta masu fita, wadda suke kira prom. Ta nemi izini, babanta ya ce ko da wasa kada ta sake tayar da maganar. Shekaranjiya ina kakkaɓe jakarta zan wanke sai ga tikitin, ashe ta saya da kuɗin aikin da take yi ran Asabar. Ban faɗa wa Alhaji ba, ita ma ban nuna mata na gani ba. Abin da ya ƙara dagula min lissafi, yayanta ya je nasa shekara biyu da suka wuce, har hotonsa da kwat yana rataye a falo. Yarinya ce mai sallah, ba ta taɓa jawo mana magana ba. Na ji an ce kina koyarwa a irin makarantun nan. Don Allah me ake yi a wurin, kuma yaya zan yi?

Maman Yara, Greensboro

Wa alaikumus salam, Maman Yara. Allah ya raya mana su, ya shirya.

Ke da Alhaji kuna fargabar wurin da ba ku taɓa leƙawa ba, ita kuma tana ɗokin wurin da ba ta taɓa shiga ba. Ni aikina ya sa na sha tsayawa a ƙofarsa, domin a nan malaman makaranta ake rarrabawa su yi gadin daren. To bari in fara da abin da idona ya gani.

Yawanci ana buɗe ƙofa wajen ƙarfe bakwai, a zauren otal ko wani ɗakin taro da makaranta ta kama haya. A bakin ƙofa akwai tebur, malamai biyu ko uku da jerin sunaye. Yaro ya nuna katin makaranta, a duba jaka, ɗan sandan makarantar yana tsaye gefe. Makarantu da yawa har na'urar gwada barasa a numfashi suke ajiyewa. Wanda ba ɗan makarantar ba sai an cike masa takarda tun makonni kafin ranar, shugaban tasa makarantar ya sa hannu, kuma galibi ba a karɓar wanda ya kai 21. Wanda ya fita ya fita ke nan, ba a sake barinsa ya shigo.

Awa ɗaya ta farko hotuna ne zalla. Kowa yana kallon rigar kowa. Kafin tara ta yi, ki leƙa ƙarƙashin tebura za ki ga takalma masu tsini jibge, 'yan matan duk sun koma yawo da safa. Samarin da yawansu suna jingine da bango cikin kwat ɗin haya, hannun rigar ya yi musu tsawo, kai a sunkuye kan waya. Ni an fi ajiye ni kusa da banɗakin mata, aljihuna cike da fil, domin ba a rasa wadda zif ya ɓalle mata, ba a kuma rasa mai kuka saboda wanda suka zo tare ya koma teburin wata. Wajen goma a naɗa wa yaro ɗaya da yarinya ɗaya kambi, a ce su ne sarki da sarauniyar daren, a yi tafi. Daga nan zaure ya fara sakewa. Sha ɗaya a kunna fitilu, mu malamai mu bi muna tsince 'yan kunne da wayoyin da aka manta.

Akwai kuma tsakiyar filin, kuma ba zan ɓoye miki shi ba. Fitila a rage, kiɗa har cikin ƙirji, waƙoƙin wasu ba za ki so a fassara miki su ba. A can ne ake cakuɗuwa maza da mata, wasu jiki manne da jiki, har sai malami ya kutsa da tocila ya raba. Shigar wasu 'yan matan, da ita da babu duk ɗaya. Ba kowa ke shiga wannan dandazon ba, akwai da'irar 'yan mata zalla a gefe, akwai masu zama har a tashi. Amma yana nan, a gaban idon kowa. Saboda haka kada ki je wa Alhaji da cewa ai ba komai a wurin. Akwai komai. Abin da yake ƙyama ba ƙirƙira ya yi ba, kuma hukuncin irin wannan rawa a addini ba ɓoyayye ba ne a wurinku ko a wurinta.

Sai dai ki tambayi duk malamin da ya daɗe yana wannan gadi, zai ce miki zauren ba shi ke hana shi barci ba. Awa huɗun nan su ne lokacin da aka fi sa wa yaran ido a duk daren. Tashin hankalinmu yana farawa ne idan motoci suka bar harabar otal. Wani yayan ya kama musu ɗaki da sunansa. Wani gidan iyaye sun yi tafiya. Wasu ma daga wurin sai bakin teku, tafiyar awa uku da wani abu cikin dare, yaro ɗan 17 a kan sitiyari. Doka ta hana sayar wa wanda bai kai 21 ba barasa, tun 1984 gwamnatin tarayya ta matsa wa jihohi a kan haka, amma ba a rasa mai sayo musu. Haɗarin mota yana sahun gaba a abubuwan da ke kashe matasa a ƙasar nan. Shi ya sa a makon liyafar wasu makarantu kan jawo motar da ta yi kwatsa-kwatsa su ajiye a kan ciyawar gaban makaranta, yara su wuce ta gefenta safe da yamma. Shi ya sa kuma ƙungiyoyin iyaye ke shirya wani taron na bayan liyafa, a rufe ƙofa, a yi ta wasanni da ciye-ciye har asuba, don kawai a hana su hawa titi.

Yanzu mu dawo kan tikitin da ke hannunki. Yarinyar da ta biya kuɗi bayan an ce mata a'a ta riga ta yanke shawarar zuwa, abin da ya rage mata shi ne ƙaryar da za ta yi a daren. Na san yadda abin yake tafiya domin na gani, kuma 'ya'yanmu ne, 'ya'yan Somaliyawa da Larabawa da 'yan Pakistan da namu na Afirka ta Yamma. Za ta ce za su yi karatun jarrabawa a gidan ƙawa. Ta fita da abaya da jakar goyo. Riga tana can a but ɗin motar ƙawar tun mako guda. A banɗakin gidan mai ko na otal ɗin za ta canja. Irin waɗannan yaran ko a cikin zauren ba sa sakewa, da an ɗaga waya za a ɗauki hoto sai su kauce. Abin da ya fi damuna da su shi ne ƙarfe sha ɗaya. Yarinyar da ta zo da sanin iyayenta, in ta ga direban da ya kawo su yana tangaɗi, waya za ta ɗaga ta ce Baba zo ka ɗauke ni. Wadda ta zo a ɓoye ba ta da wanda za ta kira. Ba za ta iya komawa gida ba tunda ta ce kwana za ta yi, ba za ta iya kiranki ba tunda asirinta zai tonu. Sai ta shiga motar, duk inda aka nufa can ta nufa. Hanin da aka yi don a tsare ta, shi ne ya kai ta inda babu malami ko ɗaya.

Za ki ce, rawar awa huɗu ce har yarinya mai hankali za ta yi wa iyayenta ƙarya a kanta? A wurinmu da muka yi jarrabawar gama sakandare ta BAC ko WAEC muka tattara akwati muka tafi gida, abin ba ya shiga kai. A nan kuwa ya yi jijiya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka fara shi a manyan kwalejojin arewa maso gabas, a hankali ya sauko sakandare, bayan yaƙin duniya na biyu da kuɗi suka yawaita ya bar filin wasan makaranta ya koma otal. A 1975 'yar shugaban ƙasa Gerald Ford, Susan, a cikin fadar White House aka yi na ajinsu. A gundumar Wilcox ta jihar Jojiya har zuwa 2013 liyafa biyu iyaye ke shiryawa, ta farare daban ta baƙaƙe daban, sai a shekarar ɗalibai da kansu suka haɗa ta farko da kowa ya shiga, duniya ta ɗauka. Wato batun wa aka bari ya shiga zauren, wa aka bari a waje, ba ƙaramin abu ba ne a idon mutanen nan. Tun Janairu maganar ke nan a aji: wace kala, wane tela, wa zai raka wa. Ki ɗauka unguwa gaba ɗaya ta fitar da anko, wata huɗu ana maganarsa, ita kaɗai ce za ta zauna a ɗaki ran bikin. Haka take ji, ko da mu muna ganin shirme ne.

Sai hoton nan na falo. Wallahi shi ne ya fi tikitin nauyi. Shekara biyu tana wucewa ta gabansa kullum. Me kike tsammani ya koya mata? Ya koya mata cewa a gidanku abin ba haramun ba ne, abin kunya ne kawai, kuma kunyar a kan mace take. In rawar laifi ce, ranar da yayanta ya sa kwat ma laifi ce, kuma yarinyar da ya yi rawa da ita 'yar wani ce. A Suratun Nur, aya ta 30 maza aka fara umarta da runtse ido, sannan aya ta 31 ta zo kan mata. 'Yarki ta san wannan, yaran nan suna karatu. Duk wata hujjar addini da Alhaji zai kawo mata, idonta zai koma kan bangon nan. Ko dai ya ce mata a fili, wancan karon ban san abin da ake yi ba, da na sani da ban bar shi ba, a sauke hoton. Ko kuma ya yarda cewa abin da aka yi wa ɗaya sassauci a kansa ana iya yi wa ɗayar. Amma hoto a rataye, ita kuma a ce mata ko da wasa, wannan ba zai zauna a zuciyarta a matsayin tarbiyya ba.

Ni dai ga ra'ayina, tunda kin tambaya. Yarinyar da kika siffanta, da tawa ce, zan bar ta ta je, amma da sharuɗɗan da ba a taɓawa. Ba za ta je da saurayi ba, da ƙawayenta mata za ta, kuma wannan ba baƙon abu ba ne yanzu, tebura da yawa 'yan mata ne zalla ko samari zalla. Riga ku zaɓa tare, mai dogon hannu, da mayafinta. Babanta da kansa zai kai ta, shi zai ɗauko ta ƙarfe goma a bakin ƙofar, ba a kwanar titi ba. Babu otal, babu gidan wani, babu kwana. Ki kalli idonta ki ce mata babu rawa da namiji, kada ki bar shi a matsayin abin da ai ta sani. Magariba a garinku a watan Mayu tana faɗuwa bayan takwas, tana tsakiyar zaure ke nan, don haka ta yi alwala tun daga gida, ta gaya wa malamar da ke kula da shirin tun da wuri a nuna mata lungu. Ban taɓa ganin malamin da ya hana ba. Kuma ku yi alkawari ɗaya tsakaninku: ko me ya faru, ko ita ce da laifi, in ta kira a zo, za a zo, faɗa sai da safe.

Kafin liyafar yara kan taru a wani lambu ko gaban gidan ɗaya daga cikinsu a yi hotuna, iyaye duk suna wurin. Ki ja Alhaji ku je. Zai ga ƙawayen da idonsa, zai gaisa da ubanninsu, zai tarar da yawansu su ma cikinsu ya ɗuri ruwa kamar nasa. In ma da hali, ki ce su ci abincin daren a gidanki. Shinkafa da kaji ba za su kai kuɗin gidan abinci ba, kuma kin san wa da wa suka fita tare.

In kuma Alhaji ya ji duk wannan ya ce shi har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, to haƙƙinsa ne, kada ki mayar da shi azzalumi a idon 'yarsa. Ba mu kaɗai ba ne, akwai gidajen Kiristoci da na Yahudawa masu riƙo da su ma 'ya'yansu ba sa zuwa. Amma a'a ɗin ta zo da wani abu a hannu, kuma abu na gaske, ba "za mu kai ki cin abinci" ba. A garin Hamtramck da ke jikin Detroit a jihar Mishigan, a 2012 'yan matan wata sakandare, yawancinsu 'ya'yan Yamalawa da 'yan Bangladesh da Bosniya, suka tara kuɗi da sayar da abinci suka shirya tasu liyafar ta mata zalla. Suka shigo da abaya, aka rufe ƙofa, aka ajiye mayafai, aka yi rawa. Har waɗanda ba Musulmi ba suka zo. Ku a Greensboro ba ku rasa jama'a ba, 'yan Nijar kaɗai sun isa cika zaure, ga Sudaniyawa ga sauran. Mata biyar in suka haɗa kai sun kama ɗaki, a samo mace mai sa kiɗa, a karɓe wayoyi a ƙofa. Sharaɗin shi ne ita za ta jagoranta, ita za ta zaɓi kala da waƙoƙi da waɗanda za a gayyata. In ku iyaye kuka karɓe shirin, walima zai koma, a yi wa'azi a raba jollof, ta zauna tana kallon agogo.

Maganar kuɗi a taƙaice. A binciken da kamfanin katin kuɗi na Visa ya yi a 2015, matsakaicin abin da gidaje suka ce za su kashe a kan liyafar nan dala 919 ne, kuma abin mamaki gidajen da ba sa samun dala 25,000 a shekara su suka fi kashewa, wajen dala 1,393. Kada ki shiga wannan tseren. Limozin ba dole ba ne, lalle kuwa ke kin fi masu shagon iyawa. Riga ma abin ya juyo wajenmu, 'yan matan Amurka yanzu daga Legas da Akara suke odar ɗinki. In a gida za a ɗinko mata, ki aika awo yau, kin dai san tela da alkawari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda za ki bi kuwa, da ita za ki fara, yau ɗin nan. Ki shiga ɗakinta ki rufe ƙofa, ki ajiye tikitin a kan gado. Kada ki tambaye ta mene ne wannan, kin sani, ta sani, tambayar ƙofar ƙarya kawai za ta buɗe mata. Ki ce na gani, raina ya ɓaci, gaya min yadda kika shirya daren. Sai ki yi shiru ki saurara har ƙarshe: motar wa, rigar tana ina, ina za a kwana, akwai yaro a ciki ko babu. In akwai yaro, wannan wata maganar ce daban, gara ki ji ta yanzu. Ki gaya mata ɓoyon laifi ne kuma zai sami hukuncinsa, amma za ki yi mata magana da babanta.

Shi kuma kada ki wuce kwana biyu ba ki faɗa masa ba. In ya ji daga baya cewa kin sani kin rufe, rigimar ta bar kan prom ta dawo kan aurenki, kuma ba zai sake yarda da ke a kan yarinyar ba. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ba gaban yara ba. Ina kyautata zaton rabin tsoronsa bakin mutane ne, domin kafin ta dawo gida hoton ya isa Maraɗi ta WhatsApp, gwaggo ta gani, kawu ya kira. Wannan tsoro ne mai tushe, kuma yana da magani: ba ta ɗora hoto, ta roƙi ƙawayenta kada su ɗora nata, wanda za a tura gida ku za ku zaɓa. Ki kuma tuna masa a hankali cewa in Allah ya kai mu Agusta wataƙila tana ɗakin kwanan jami'a, da ta cika 18 kuma dokar ƙasar nan ba ta ba shi ikon hana ta fita ba. Daren nan ɗaya, yana zaune a mota a bakin ƙofa, ya fi sauƙin gwaji a kan waccan shekarar da ba ya nan.

Bayan kun gama ku biyu, a kira ta ta faɗi abin da ta yi da bakinta, ta ba shi haƙuri, shi kuma ya faɗa mata hukuncinsa da dalilinsa, ba ta bakinki ba.

Ran Litinin ki kira ofishin makarantar ki ce a haɗa ki da malamin da ke kula da 'yan ajin ƙarshe. Ki tambaye shi inda za a yi da lokacin tashi, ko ana barin iyaye su taimaka a ƙofa ko wurin ajiye riguna, ko akwai taron bayan liyafa na ƙungiyar iyaye. In Turancin zai ba ki wahala ki ce a nemo miki tafinta, makarantun gwamnati suna da wannan tsarin kuma ba a biya. Ki tambaya har da ranar ƙarshe ta mayar da tikiti, domin wasu makarantun ba sa mayar da kuɗi sam. In an tsaya a kan ba za ta ba kuma kuɗin ya maƙale, Alhaji ya biya ta daga aljihunsa, guminta ne na ranakun Asabar.